Dattijo ya ce in biyo shi mu ci gurasa, na juya a rabin hanya

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun watan jiya, na ce bari in kawo ta gaban Kanawa su yi mini alƙalanci.

Atamfa da shadda nake sara a Kantin Kwari in kai gida. Zuwana Kano huɗu ke nan, ta Matamai da Kwangwalam da Daura nake biyowa. Kafin zuwan ƙarshe ban taɓa cin abin da ya wuce shayi da burodi da wainar ƙwai a wajen mai shayin ƙofar masaukina ba, domin tun ranar da zan fara fita mahaifiyata ta ja mini kunne: kada ka karɓi abin hannun wanda ba ka sani ba, kada ka bi kowa lungu.

A zuwan ƙarshe burodi ya ishe ni. Na tambayi wani mai adaidaita sahu inda zan sami abincin Kano, ya kai ni wani gidan abinci mai ƙofar gilashi, aka kawo mini soyayyiyar shinkafa da kaza irin wadda zan samu a kowane gari, kuɗin kuma ya fi abin da nake ci a kwana biyu. Washegari nake ba wani dattijo ɗan dako labari, shi yake ɗaukar mini dila zuwa mota, sai ya ce, "Yaro, ai ba ka ci Kano ba. In ka gama lodi biyo ni Jakara ka ci gurasa." Na bi shi. Muka shiga ta Ƙofar Wambai, lungu ya fara tsukewa, ga ragowar kuɗin sari ɗaure a ƙuguna. Sai gabana ya faɗi. Na ce masa na yi mantuwa a shago, na juya. Bai ja da ni ba, ya dai dube ni ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Wannan kallon ne ya hana ni sakat. Mako mai zuwa zan dawo in Allah ya yarda. Don Allah, na yi kuskure? Kuma in baƙo yana son ya ci abincin gari, maganar wa zai kama?

Jikan Jakara:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wallahi na ji babu daɗi da na karanta wannan, domin unguwarmu ce ka juya wa baya. Wannan lungun da ya ba ka tsoro, haka duk cikin birni yake, tun kafin a san mota aka yanka shi. Hanyar da ya bi da kai ita ce hanyar Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Baƙi sun fi shekara ɗari biyar suna bin lungunan nan.

Kuma ka san abin da ka bari? A cikin gidaje mata suke gasa gurasa. A kwaɓa fulawa da yis a bar ta ta tashi, a hura tanderu ya yi jajir, a ɗebo ƙullin a faɗaɗa shi a tafin hannu a manna a jikin tanderun daga ciki. Wadda ta fito yanzu, gefenta ya ɗan ƙone, cikinta laushi kamar auduga, ba ɗaya take da wadda ta yini a kan faranti tana yawon gari ba. In bandashe kake so, a tsoma ta a ruwa a tsame, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, a zuba man gyaɗa da yaji, a yanka albasa da tumatir da kokwamba. In da hali a naɗe tsire mai zafi a ciki. Mutumin da ya bar aikinsa na dako don ya kai ka nan, karamci ya yi maka.

Maman Walida:
Jikan Jakara, ka yi haƙuri, kai kana magana ne a matsayin ɗan gida. Ni kam na ce Ɗan Damagaram ya yi daidai, kuma Allah ya saka wa mahaifiyarsa da alheri. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa shiga motar haya da dare zai dawo Kano, wani fasinja mai kamala, da carbi a hannu, ya miƙa masa lemon kwalba. Kunyar ƙin karɓa ta sa ya sha. Sai farkawa ya yi a gefen tasha, ba waya, ba jaka, ko takalmi ba a bar masa ba. Kwana biyu yana magana ba a gane abin da yake cewa. Mugu ba ya zuwa da fuskar mugu. Mutum da kuɗin sari a jikinsa, a garin da bai sani ba, zuciyarsa ta ce masa juya, ai juyawar ita ce hankali. Gurasa ba za ta ƙare ba.

Jikan Jakara:
Allah ya kiyaye gaba, Maman Walida, abin da ya sami ƙanenki babu daɗin ji. Amma ki duba bambancin. Shi abu aka miƙa masa daga jakar wani, bai ga inda aka buɗe ba. Wannan kuwa wurin sayarwa za a nuna masa, da rana tsaka, inda yara da manya suke layi.

Maman Walida:
Shi baƙon ta ina zai san wurin sayarwa za a kai shi? Kai ka sani, shi bai sani ba.

Mai Sahu na Kurna:
Ni sana'ata tuƙin adaidaita sahu, kuma tunda an ambace mu bari in yi magana. Ban san direban da ya ɗauke ka ba, amma na san abin da ya sa ya kai ka can. Baƙo ya shigo da shaddarsa a goge ya ce a kai shi inda ake sayar da abinci mai kyau, me kake so in yi tunani? In na kai shi wajen mai ɗanwake a bakin kwata zai ce na raina shi. In cikinsa ya ɓaci ni zai zaga. Sai in kai shi inda na ga masu motoci suna shiga, ni kaina ban taɓa ci a can ba. Ba na musun akwai waɗanda ake ba ɗan wani abu in sun kawo baƙo, akwai su. Amma yawancinmu tsoron kunya ne kawai.

Da ce masa ka yi, "Malam, kai a ina kake karyawa?" da labarin ya canja. Ni kullum ƙarfe goma ina wajen wata baiwar Allah mai ɗanwake. A gabanka take jefa shi a tafasasshen ruwa, yana tasowa sama ta tsame, ta zuba mai da yaji. Da rana garau-garau. Wanda ya yi mini wannan tambayar, can zan kai shi, kuma tare za mu zauna a benci.

Ɗan Damagaram:
Wallahi Malam ka faɗi gaskiya, "abinci mai kyau" na ce masa. Na ɗauki laifin wannan.

Alhaji na Fagge:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Na karanta maganar kowa, kuma a ganina Maman Walida da Jikan Jakara duk suna da gaskiya, sai dai akwai abin da aka manta.

Iyayenmu da suka yi fatauci ba sa sauka a gari haka kawai. Kowane falke yana da maigida, fatoma ake ce masa. Shi zai ba ka ɗaki, a gidansa za ka ci, shi zai ajiye maka dukiya, shi zai haɗa ka da dillali, in kuma wani ya cuce ka shi zai tsaya maka. Ba wai mutanen da ba su san mugunta ba ne. Sun san ta sarai, shi ya sa suka yi wannan tsarin. Garin nan da baƙi aka gina shi, ku duba sunayen unguwanni: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Fagge da nake zaune, masaukin ayarin raƙuma ce tun asali. Ita kanta gurasar da ake magana, da alkaki da alkubus, sunayensu daga Larabci suke, baƙi suka zo da su muka karɓa har suka zama namu.

To kai Ɗan Damagaram, zuwanka huɗu Kwari, kana da maigida ko ba ka sani ba. Wanda kake sari a shagonsa shi ne fatomanka. Da ka ce masa, "Alhaji, ga ragowar kuɗina ajiye mini, wannan dattijon ya ce zai kai ni Jakara, ka san shi?" da magana ta ƙare a nan. Ɗan dako a kasuwa ba mutumin sama ba ne, amana ce jarinsa. Wanda kake ɗora wa dilar da ta fi kuɗin ƙugunka daraja ya yi gaba kana biye, ko ma ka tsaya ciniki ya riga ka zuwa mota, shi kake tsoro a kan gurasa?

Juyawar da ka yi ba laifi ba ce. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ƙaryar mantuwa. Dattijo ya gane, shi ya sa ya yi maka wannan kallon. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa. Mutumin nan umarnin yake ƙoƙarin cikawa da abin da yake da shi. In ka dawo ka neme shi.

Maman Walida:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. In dai za a tambayi maigida a ajiye kuɗi a shago, to wannan wata magana ce, ban ƙi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bin mutum don fuskarsa ta yi kama da ta kirki.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku bari in shigo ta wani gefen. Kuna ta magana a kan ko mutumin mugu ne ko na kirki. A wajen aiki, waɗanda muke gani da ciwon ciki bayan tafiya, ba mugu ne ya kai su ba. Mutumin kirki ne ya kai su inda shi yake ci shekara da shekaru lafiya lau, domin cikinsa ya saba, na baƙo bai saba ba.

Abin da aka tsamo daga wuta a gabanka ba ya cika ba da matsala: ɗanwake daga tukunya, waina daga tanda, ƙosai daga mai, tsire daga tukuba. Inda ake samun matsala shi ne ruwa da abin da ba a dafa ba. Zoɓo da kunun aya da aka ƙulla ba ka san da wane ruwa ba, ƙanƙarar da aka jefa a fura, latas da kabeji da aka yanka tun safe ƙuda na bi. Kunun aya ma in babu sanyi ba ya yini. Da damina kuma a ƙara kula, lokacin amai da gudawa ne. Kanawa ba su manta da 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami da ake haɗa lemo da shi ya kwantar da mutane da yawa a asibiti, wasu suka rasu. Masu haɗa lemon nan da yawansu ba su san abin da suka sayo ba.

Wani abin kuma, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya sani cewa tana cikin bandashe, tana cikin yajin tsire, tana cikin labun kilishi. Ya tambaya kafin ya ci.

In gudawa ta kama mutum a hanya, ya sayi garin ORS a kemis. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. In ga jini, ko zazzaɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti, ban da haɗe-haɗen magani.

Jikan Jakara:
Anti, yanzu bandashen ma sai kin rage mana ita?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ban rage ba, ni ma ina ci. Ya ce a yanka albasa da tumatir a gabansa, ya bar kabeji a zuwan farko, ruwan sha kuma ya riƙe nasa.

Direban Tirela:
Ni shekarata goma sha tara a kan titi, daga Kano zuwa Legas, na kuma yi jigilar albasa har Gana. In da ban ci abin da baƙin ido suka nuna mini ba, da yunwa ta kashe ni tuntuni. A Kumasi wani yaron mota ya ja ni wajen wata mata, ya ce sai na ci abincin garinsu, waakye. Da aka zubo sai na ga shinkafa da wake ce, an dafa da karan dafi ta yi ja, sunan ma daga waken namu ya fito. Haka tuo zaafi da suke ji da shi, tuwon zafi ne. Na yi ta mamaki, na je garin mutane an karrama ni da abincin kakannina. A Ibadan kuwa na daɗe ina ƙyamar amala saboda baƙinta, sai da wani makanike ya rantse mini da Allah, na ci da miyar ewedu da gbegiri, yanzu ba na wucewa ban tsaya ba.

Dokata ɗaya ce: inda ka ga layi, tukunya ba ta kwana. Kuma ka duba wanda ya ba ka shawara, in ya zauna ya ci tare da kai daga tukunya ɗaya, ka ci.

Mai Sahu na Kurna:
Oga, amma maganar da ake yi cewa a bi inda manyan motoci suka tsaya, ba kullum take zama gaskiya ba. Wani wurin filin fakin ne ya tara ku, ba daɗin miya ba.

Direban Tirela:
Wannan haka yake. Shi ya sa na ce layi, ban ce motoci ba. Ka duba ko 'yan unguwa suna aiko yara da kwano. In ka ga kwanukan gida a jere, matan aure ne suka aiko, su kuwa ba a yi musu algus sau biyu.

'Yar Jos:
Duk maganar nan ta maza ce fa. Ni da na zo karatu Kano, ba zan iya bin wani namiji lungu ba ko da furfurarsa ta kai ƙirji, kuma ba zan zauna a bencin mai ɗanwake cikin maza ba. Mace mace take tambaya. Wata rana a cikin adaidaita nake ce wa ƙawata ina kwaɗayin fura, wata tsohuwa da ke gefenmu ta ce, "'Yan nan, in fura kuke so ku sauka inda zan sauka." Muka dubi juna, mu biyu ne, rana ce, muka sauka. Gidan wata maƙwabciyarta ta kai mu, ana cikin kirɓa furar, ƙamshin citta da kanumfari ya cika tsakar gida. Aka dama mana da kindirmo a ƙwarya, da ludayin duma. Shekara huɗu na yi ina zuwa gidan nan, kuma a nan na fara cin sinasir da miyan taushe, da funkaso, ranar sunan jikarta.

Abin da nake so baƙi su gane, rabin abincin Kano ba ya fitowa titi. Alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne, sai an yi biki ko ka san mai yi ka ba da saƙo. In ba ka yarda da kowa ba, ba za ka taɓa ganin su ba. Amma da ni kaɗai ce a ranar nan, ko da magariba ce, da ban sauka ba.

Ɗan Agadasawa:
Ɗan Damagaram, in ka gama da gurasa ka zo unguwarmu ka sayi kilishi ka kai tsaraba.

Ɗan Damagaram:
Ɗan'uwa, a nan kam sai ka yi haƙuri. Mutumin Nijar ba ya ɗaukar kilishi daga Kano ya kai gida, za a ce ya kai wa rafi ruwa. Sunan unguwarku ma ai ya faɗi inda masu sana'ar suka fito.

Ɗan Agadasawa:
To zo ka ɗanɗana ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah.

Ɗan Damagaram:
Jama'a, na dawo, kuma ga yadda aka yi.

Na iso ranar Talata. Na yi yadda Baba Alhaji ya ce: na damƙa wa maigidana kuɗina, na kwatanta masa dattijon. Ban gama ba ya ce ai tun mahaifinsa yana da rai mutumin yake ɗaukar musu kaya, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya aika yaron shago ya kira shi. Da ya zo na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, rannan ba mantuwa na yi ba, tsoro na ji. Ya ce ya sani. Ya ce shi ma yana da ɗa a Legas, kuma abin da mahaifiyata ta faɗa mini shi ya faɗa wa nasa. Ya ce abin da ya dame shi kawai shi ne na koma gida da yunwar garinsu.

Ya ce gurasa ta safe ce, don haka washegari bayan asuba muka haɗu. Lungun nan dai da ya ba ni tsoro muka bi, sai ga shi cike da 'yan makarantar allo da masu tallan koko. Muka yi sallama a wani zaure, hayaƙi na fitowa daga cikin gida, masu sari suna tsaye da kwanduna. Aka miƙo mana guda huɗu, zafinsu sai da na riƙa juya su daga hannu zuwa hannu. Ta farko haka na ci ta gaya, ban sa komai ba. Sauran aka yi mana bandashe a bakin hanya, na ce a bar kabeji kamar yadda Anti ta ce, mai sayarwar ya yanka albasa a gabana. Na ciro kuɗi, Baba ya riƙe mini hannu, ya ce baƙo ba ya biya a unguwarsu. Mutumin da yake ɗaukar dila a ka don ya ci abinci. Na rasa abin da zan ce, sai da na kawar da kai.

Da rana na tambayi wani mai adaidaita a ina yake cin nasa, ya kai ni wajen mai garau-garau, muka ci tare. Agadasawa ma na je. Kilishinku yana da daɗi, ya fi namu yaji, namu ya fi shi bushewa, iyakar abin da zan ce ke nan.

Maman Walida:
Alhamdu lillahi da ka je lafiya ka dawo lafiya. Amma lemon cikin mota dai kada ka karɓa, ko wa ya miƙo.

Ɗan Damagaram:
Ba zan karɓa ba, Hajiya. Jikan Jakara, tambaya ɗaya: na sayi gurasa guda ashirin zan kai wa mahaifiyata, gobe da sassafe motarmu za ta tashi. Za su kai Damagaram ba su lalace ba?

Jikan Jakara:
Za su kai. Kada dai ka ƙulle su a leda da zafinsu, gumi za su yi su yi tsami. Baza su a kan tabarma su huce, sannan ka naɗe su a takarda ko tsaftataccen ƙyalle. In kun isa a ɗan ɗumama su a kan garwashi. Ka sayi garin ƙuli-ƙuli a Kurmi ka haɗa mata da shi, man gyaɗa kuna da shi a can.